Neman Wuta a Hanyar Kamarawa

Karon farko da wutar fulogi ta kama ni ina ɗan shekara 12 ne, a gefen hanya kusa da Kamarawa, wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya. Mun taso daga kasuwar Shinkafi a cikin akori-kura, Fijo 404, an loda mata buhunan gero da mutane da awaki biyu. Tun daga bakin kasuwa take tari tana fizga, har dai ta gaji ta mutu. Direba ya sauko yana salati. Sa'ar da ya ci ita ce kawuna na cikin fasinja, kuma duk mai tuƙi tsakanin Isa da Sabon Birni a wancan zamani ya san shi da aikin wayarin. Kawu ya sa aka ɗaga bonet, ya zare wayar fulogi ɗaya ya miƙo mini. "Riƙe nan, ɗana, kak ka saki." Ya ce wa direba ya murza makulli. Wani abu ya tsarga mini daga yatsa har kafaɗa, na yi ƙara na yar da wayar. Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya dubi direban ya ce, "Wutar ga ba ta da ƙarfi. Da lafiyayya ce, da yaron ga ya hi haka tsalle."

Ya buɗe kan distiributa, ya haska da tocila, ya nuna mana kwantak: bakinsa ya ƙone ya yi rami, alamar kondensa ta mutu. Kwantak dai ya goge shi da ɗan guntun fayil da ba ya rabuwa da aljihunsa. Kondensa kuwa ba a gyara ta, sai dai a sake, kuma ba mai ita a wurin. Karen mota ya ari keke ya nufi Isa, rana ta faɗi, muka kwana. Mutanen Kamarawa suka fito da tabarmi, aka shigar da mata cikin gidaje, aka kawo mana tuwo da fura. Na tuna dattawan garin sun zauna da Kawu har dare ya raba suna hirar farashin gero da zurfin ruwan gulbi a daminar da ta wuce. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi daji. Da hantsi kondensa ta iso, abu ne kamar guntun alli, aka ɗaura, mota ta tashi da murza ɗaya.

Shekara uku na yi ina zuwa rumfar Kawu bayan makaranta, kafin karatu ya ɗauke ni ya kai Sakkwato. Ban zama makanike ba, amma abin da ya koya mini bai bar ni ba. Koyarwarsa duk a kan tambaya ɗaya take: daga ina wuta ta taso, kuma a ina ta tsaya? Daga batir take tasowa, ta bi ta makulli, ta shiga kwayil. Daga kwayil wata siririyar waya ta tafi kwantak, wanda ke buɗewa yana rufewa yayin da inji ke juyawa. Duk lokacin da ya buɗe, sai kwayil ta mai da volt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa, ta tura ta babbar waya zuwa tsakiyar kan distiributa, rota ta juya tana rarraba ta ga fulogi huɗu, kowanne a kan lokacinsa: 1, 3, 4, 2. Wannan lissafi shi ne karatun farko na yaron gareji, kuma Fijo na da tarkonta a nan, don a injinanta da yawa lamba 1 na can baya ne wajen giya, ba gaba wajen lagireto ba. Yaro nawa ya sha rankwashi a kan haka.

Daga baya na karanta cewa wannan tsari ya girmi duk wanda ke riƙe da sifana a ƙasarmu yau. Wani Ba'amurke ne, Charles Kettering, ya tsara shi, kamfaninsa Delco ya fara sa shi a motocin Cadillac wajen 1910. Sunan kamfanin ya bi ta Faransanci ya zauna a bakin makanikan Nijar, shi ya sa direbobin da ke zuwa mana daga Maraɗi da Tsibiri ke ce wa distiributa delko. Kawu ya iya duka biyun, kamar yadda ya iya lissafin naira da na sefa. Iyakar da ta raba Gobir gida biyu ba ta raba kayan mota ba: ƙasar da Faransa ta mallaka Fijo take hawa, mu ma tun da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975, 404 da 504 suka cika hanyoyinmu. Kwantak ɗin da ya yi a Maraɗi zai yi a Isa. Abin da aka rasa a Gusau ana samunsa a tsallaken iyaka, wani lokaci ma ya fi araha.

Idan mota ta zo tana misin, wato silinda ɗaya ko biyu ba sa ƙona mai yadda ya kamata, Kawu ba ya taɓa ta da farko. Yakan sa a bar ta a silo, ya zagaya bayanta ya tara tafin hannu a bakin salansa. Lafiyayyen inji numfashinsa a jere yake. Mai misin kuwa yana yi yana tsallake ɗaya, kamar gurgu a kan tudu. Sai ya dawo gaba ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare inji ya ƙara rawa, silindarta na aiki. Wadda ka zare bai ko san ka zare ba, nan mushen yake. Daga nan ne ainihin aikin ke farawa, don gano wace silinda ce ba shi ne gano dalili ba. Sai a kwance fulogin a karanta shi. Baƙin toka busasshe na nufin kafireta na ba da mai fiye da kima. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai na hawowa, ringi sun gaji. Fari fat na nufin mai ya yi kaɗan ko inji na zafi. Launin ƙasa-ƙasa kamar na soyayyar gyaɗa, wannan lafiya lau. In fulogi bai nuna laifi ba, a musanya shi da na maƙwabciyarsa a ga ko cutar za ta bi shi. In ba ta bi shi ba, a musanya waya. In duk wuta ta wanke kanta, sai Kawu ya toshe ramin fulogi da babban yatsa ya sa a murza, in iska ba ta ture yatsan da ƙarfi ba, sai ya ce wa mai mota, "Alhaji, wanga ba aikina ba ne. Bawul ne ko gasket, kai ta wurin mai inji." Bai taɓa karɓar kuɗi a kan abin da ba nasa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa ake zuwa wurinsa.

Akwai cututtukan da sai da dare suke bayyana. Waya ta tsufa, robarta ta tsage ta yadda ido ba ya gani. Da rana ka rantse lafiyarta ƙalau. Kawu sai ya ce a dawo bayan isha'i. A kashe fitila, a ta da inji, sai ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga waya zuwa jikin ƙarfe kamar ƙananan walƙiya. Ni dai a lokacin ban ga abin da ya fi wannan ban sha'awa ba. Kowane yanayi kuma da nasa ciwo. Da damina raɓa ke shiga kan distiributa, in akwai ɗan tsagu wuta ta bi ta nan ta bar baƙin layi siriri kamar zanen fensir, mota ta ƙi tashi da asuba amma ta tashi da hantsi, mai ita ya fara zargin maƙiya. Da hunturu ƙura ce ke haɗuwa da maiƙo ta zauna a bakin kwantak. Da bazara kwayil ke zafi, mota ta mutu a tsakar rana, a jiƙa tsumma a naɗa mata, ta farfaɗo.

Kayan aikin duka ba su cika jakar hannu ba: sifanar fulogi, sukudireba biyu, filaya, fayil, baƙin salatif, da ƙwan fitila da aka haɗa wa wayoyi biyu don gwajin wuta. Tazarar bakin kwantak, wadda littafi ya ce kimanin milimita 0.4 ce, da kwalin sigari yake auna ta, shi da bai taɓa shan taba ba. Taimin kuma da wannan ƙwan yake saita shi, ya juya distiributa a hankali har fitila ta kama, sannan ya ƙarasa da kunne. Fulogin da mai ya kashe, in babu sabo, a gasa shi a wutar mai shayi a goge. In ya ci gaba da jiƙewa, akwai dabarar maɓallin riga: a yanke waya, a zura kowane baki a rami ɗaya na maɓalli, ɗan tsallen da wuta za ta yi a tsakani ya sa ta isa fulogi da ƙarfin da zai iya ƙona dattin. Ba gyara ba ne, kai mota gida ne, kuma Kawu yakan faɗa wa direba haka ƙarara.

Kada in yi wa wancan zamani kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Motocin suna yawan lalacewa. Kwantak na cinyewa, sai an yi ta saitawa. Suna shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, sai dai man ba shi da tsada. Kuma akwai ɓarnar da masu wayarin ke yi da hannunsu. Makulli ya lalace, maimakon a sake shi sai a ja waya dairek daga batir zuwa kwayil. Direba ya manta bai cire ba, kwayil ta ƙone da dare. Fiyus ya yanke, a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa, ba a tambayi abin da ya yanke shi ba. Na ga mota ta ci wuta ƙurmus a tasha saboda haka. Abin da kawai zan ce shi ne, komai na motar a buɗe yake. Mai ido da haƙuri zai iya bin wuta daga farkonta zuwa ƙarshenta da yatsa.

Canji ya shigo ne ta hanyar Kwatano. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo Arewa. 'Yan kwatano muke ce musu, wasu su ce Beljiyam. Opel, Toyota, Honda, daga baya Golf 3 da Sharon, waɗanda suka zama jakunan haya na yankinmu. Farko dai kwantak ne ya ɓace, aka maye gurbinsa da ɗan abin lantarki da ba ya cinyewa, kuma wannan alheri ne tsantsa. Sai kafireta ta tafi, injekta ta zo. Daga nan distiributa kanta ta ɓace a sababbin motoci, kowane fulogi ya sami kwayil tasa a bisa kansa. A tsakiyar duk wannan ga akwatin da makanikai ke kira birenbos, ƙwaƙwalwar mota, wadda ke karɓar labari daga sansoshi ta yanke hukuncin lokacin da wuta za ta tashi da yawan man da za a fesa. Makulli ma ya sami ƙwayar lantarki a cikinsa, in ba shi ba ne mota ba za ta amsa ba ko ka haɗa waya ɗari.

Na tuna ranar da aka fara kawo wa Kawu irin wannan mota, ta wani ɗan kasuwar albasa. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallo. Ya nemi babbar wayar kwayil bai gani ba. Ya ce, "To ina aka ɓoye wutar?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga ya goge hannunsa da tsumma ya rufe bonet ɗin a hankali ya ce a kai ta Sakkwato. Ba kowa ya yi irin tasa ba. Da yawa cikin tsararsa sun shiga sababbin motoci da tsohon hannu, kuma a nan aka yi asara. Ƙwan gwajin da ya yi musu hidima shekara 30 na iya jan wutar da za ta ƙona birenbos, don wasu wayoyin volt 5 kawai suke ɗauka, kuma labari suke kaiwa, ba ƙarfi ba. Zare waya inji na aiki na iya kashe kwayil. Haɗin waya da murɗawa da salatif, wanda 504 ba ta damu da shi ba, yakan sa sansa ta yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya.

Sai kuma al'adun da suka zama kamar farilla a garejinmu, waɗanda har yau ba na gajiya da jayayya a kansu. Mota na isowa daga Turai, abin farko a cire mata tamostat, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai ƙasarmu akwai zafi. Inji ya kasa kaiwa zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai, fulogi su yi baƙi, misin ya fara. Man da bai ƙone ba ya gangara salansa ya narkar da abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, saboda cikinsa ya yi kama da taliyar. Sai a fasa a cire shi, kuma akwai masu saye a shirye don ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Fitilar cek ta kama a gaban direba, a liƙe ta da baƙin salatif ko a zare ƙwanta. Kowane mataki yana da hujjarsa a bakin mai yi, amma in ka jera su za ka ga mota ce ke kuka ana toshe mata baki.

Ɗan Kawu na uku shi ya gaji sana'ar, kuma ya yi wayon zuwa Sakkwato ya koyi aikin sababbin motoci. Shi ya fara nuna mini na'urar da suke kira kwamfuta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da soket iri ɗaya mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya da motocin fetur a 2001. Ka soka na'ura, wasu ma ƙanana ne kamar akwatin ashana suna magana da wayar hannu, sai lambobi su fito. P0301 na nufin silinda ta 1 na misin, P0303 ta 3, P0300 kuwa misin ne mai yawo da bai tsaya a wuri ɗaya ba. Yadda ƙwaƙwalwar ke ganewa ya burge ni: tana ƙirga saurin juyawar kiranshaf, duk lokacin da wata silinda ta kasa turawa sai juyawar ta ɗan yi sanyi na ƙiftawar ido, ita kuma ta rubuta. Wato abin da Kawu ke ji a tafin hannunsa a bakin salansa, shi take ji a jikin ƙarfe.

Da na faɗa wa Kawu haka, sai ya tambayi ɗansa, "To in ta ce lamba 3, tana gaya maka mi ya sami lamba 3?" Ɗan ya ce a'a. "To mi kaka yi?" Ya ce yakan musanya kwayil ɗin da ta lamba 2 ya ga ko cutar za ta bi ta, in ba ta bi ba ya musanya fulogi, in ba ta bi ba ya duba injekta da wayarta, sannan ya auna matsin silinda. Kawu ya gyara zama ya ce, "Ashe aikin na nan." Kuma gaskiyarsa. Na'urar ta rage wa mai gyara rabin sa'ar farko ne kawai. Wanda ya ɗauka lambar ita ce hukunci, shi ne ke sa mai mota sayen kwayil huɗu alhali ɓera ne ya ci waya a ƙarƙashin kujera, abin da ba baƙo ba ne a motar da ke kwana da buhunan hatsi. Ga kuma Golf 3 ɗin da suka cika tashoshinmu, waɗanda yawancinsu sun girmi dokar Turai, ƙaramar na'ura ba ta jin yarensu sosai. Suna da distiributa, kwayil ɗinsu na tsagewa ta riƙa zubar da wuta in an yi ruwa, kuma har gobe da duhun dare ake kama ta.

Abin da ya fi wahalar da mai gyaran yanzu, wanda bai wahalar da na da ba, shi ne rashin amana a kaya. Kwantak na zamanin Kawu ko dai yana aiki ko ba ya yi. Yanzu fulogi na zuwa a kwali mai sunan babban kamfani, ka ɗaura, bayan sati biyu ya mutu, don jabu ne. Mai gyara ya fi yarda da tsohuwar kwayil da aka ciro daga motar da ta yi hatsari fiye da sabuwa fil a leda. Ga matsalar mai. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa a manyan birane, aka yi ta surutu. A ƙauye kuwa, inda mafi yawan mai daga jarka da kwalbar 'yan bumburutu yake fitowa, gurɓataccen mai ba labari ba ne. Ruwa ko kananzir ya shiga tanki, inji ya fara fizga, a yi ta zargin wuta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, silinda ɗaya da ke zubar da fetur ba tare da ƙona shi ba tana iya cinye ribar direba ta yini guda.

Duk waɗannan canje-canje ne na sana'a, kuma makanikin Kano ko na Zariya zai ba da labarinsu kamar yadda na bayar. Namu na gabashin Sakkwato yana da wani ƙari. Hanyar da muka kwana a gefenta ba ta kwanuwa yanzu. Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar ƙasar Isa da Sabon Birni, garuruwa irin su Kamarawa da Bafarawa da Gatawa sun sha hari, mutane da yawa sun watse zuwa Isa da Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. A Disamba na 2021 aka tare motar matafiya a ƙasar Sabon Birni aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. Ba na son in tsawaita a nan. Duk wanda ya fito daga can yana da nasa mamacin.

Abin da wannan ya yi wa aikin wayarin shi ne ya canza ma'anar misin. Da, mota mai tari abin haushi ce, ana lallaɓa ta har a kai gari, in ta mutu a jira. Kawu na iya cewa direba, "Je ka gwada ta, in ta sake ka dawo," kuma wannan magana ce ta hankali, don wasu cututtukan sai a kan hanya suke fitowa. Ɗansa ba ya iya furta ta. Direba yakan zo masa da yamma ya ce, "Malam, gobe da safe zan shiga, ka san hanyar. Don Allah duba min ita." Ba ya nufin a gyara abin da ya lalace, yana nufin a nemo abin da zai lalace. Sai ka ga ana girgiza kowane soket inji na aiki, ana fesa ruwa a kan kwayil a ga ko za ta yi gardama, ana warware tsohon salatif ana yin haɗin da dalma. Direbobi na ɗaukar kwayil da sansar kiranshaf na ko-ta-kwana a aljihun mota, kamar yadda na da ke ɗaukar kwantak da kondensa, sai dai na da yana da daren da zai ɗaura su a natse. Mai gyara kuma ba ya bin mota daji. In ta mutu a can, sai dai a jawo ta in an samu mai ƙarfin hali, ko a bar ta.

Waɗanda suka rage a ƙananan garuruwa yawancinsu sun koma kan babura da injinan ban ruwa na fadama, inda wuta ba ta da nisa: kwayil, ɗan akwatin lantarki, fulogi ɗaya. Ko nan ma akwai ƙaya, don a kan babur mutanen daji ke yawo, kuma mai gyara ba ya iya sanin kowane baƙo. In ya gyara a zarge shi, in ya ƙi ya shiga uku. Na san waɗanda suka nannaɗe kayan aikinsu suka koma dako a birni saboda wannan kawai.

Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a Sakkwato wurin ɗansa tun da zaman gida ya gagara. Da yamma akan shimfiɗa masa tabarma a bakin garejin. Ba ya taɓa komai, amma in yaro ya haɗa waya da murɗawa yakan ji a shirun da ya biyo baya, ya ce a warware a sake. Yaran na kiransa Baba, suna tsokanarsa da cewa zamaninsa ya wuce, kuma in mota ta gagari kwamfuta su ne ke fara matso da ita kusa da tabarmarsa.

Bara na je Isa ta'aziyya, a cikin wata Golf mai ɗauke da mu bakwai. Da muka shiga inda daji ya matso kusa da kwalta, direba ya kashe rediyo ba tare da kowa ya ce masa ba. Hira ta tsaya. Wata tsohuwa a bayana ta fara jan carbi. Sai na lura duk cikinmu, da ɗan kasuwa da ɗalibi da mai jego, abu ɗaya muke yi: sauraron inji. A wani ɗan hawa ya yi tari sau ɗaya, ƙaramin tsallake da a cikin gari ba wanda zai kula da shi. Na ga wuyan direban ya sandare, na ji tsohuwar ta tsaya a tsakiyar salati. Ni kuma, ban san lokacin da na fara ba, ina ƙirgawa a zuci, 1, 3, 4, 2, har muka hango rufin kwanon farko na gari.